Hoton Mai Ceto a Gaban Mai Gwanjo

Daren 15 ga watan Nuwamba, 2017, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, aka kawo wani ɗan allon katako gaban jama'a a zauren kamfanin gwanjo na Christie's. Tsawonsa kamar santimita 66, faɗinsa kamar 45. A kansa an zana Ubangijinmu Yesu yana fuskantar mai kallo, hannunsa na dama a ɗage yana sa albarka, na hagu kuwa riƙe da dunƙulen ƙarau wanda ke misalta duniya. Sunan zanen da harshen Latin shi ne Salvator Mundi, watau Mai Ceton Duniya. An yi kamar minti 19 ana tayi. Sa'ad da gudumar mai gwanjo ta sauka, kuɗin ya tsaya a kan dala miliyan 400, da aka haɗa da la'adar kamfani ya zama dala miliyan 450.3. Ba a taɓa sayar da wani zane a gwanjo da kuɗi mai yawa haka ba. Shi wanda aka zana ɗin, an bashe shi a kan azurfa talatin.

Tarihin allon ya fi kuɗin ban mamaki. A shekarar 1958 an sayar da shi a Landan a kan fam 45 kacal, gama a lokacin ana ɗauka aikin wani mai kwaikwayo ne. A 2005 waɗansu dillalan zane biyu suka tsince shi a wani ƙaramin gwanjo a birnin New Orleans, suka biya dala 1,175. Katakon ya tsage, an sha shafa masa fenti bisa fenti har fuskar ta ɓaci. Wata gwanar gyaran tsofaffin zane mai suna Dianne Modestini ta yi shekaru tana wanke shi tana cike inda ya goge. A 2011 babban gidan adana zane na ƙasar Ingila ya rataye shi a Landan, ya ce aikin Leonardo da Vinci ne, shahararren mai zanen Italiya wanda ya rasu a 1519. Daga nan kuɗi ya fara hawa. A 2013 wani ɗan kasuwa na ƙasar Suwizalan, Yves Bouvier, ya saye shi wajen dala miliyan 80, ba da jimawa ba ya sayar wa wani attajirin Rasha, Dmitry Rybolovlev, a kan miliyan 127.5. Bayan shekara huɗu sai aka zo daren Niyok.

Tsakanin 2013 da 2017 babu abin da ya ƙaru a jikin allon. Gwanaye ma ba su daina gardama ba a kan ko hannun Leonardo ne ya yi shi duka, ko kuwa almajiransa ne suka yi yawancin aikin. Abin da ya sake shi ne labarin da ake bayarwa a kansa, da yadda aka shirya bayar da labarin. Wannan ne ya sa nake so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da ta fi kasuwar zane girma: idan wani ya rinjaye ni na sayi abu, wane ne ya yanke shawarar, ni ko shi? In kuwa akwai laifi a ciki, a wuyan wa yake? Kada ɗan'uwa mai karatu ya ce wannan zancen masu miliyoyi ne, bai shafi mai albashin wata ba. Igiyar da aka ja attajiri da ita a Niyok, ita ce ake jan mu da ita a bakin ƙofar gida, wani lokaci ma a cikin majami'a.

Bari mu dubi yadda aka shirya wannan ciniki. Bisa al'ada, zanen da ya shekara ɗari biyar ana sayar da shi tare da tsofaffin zane 'yan'uwansa. Amma kamfanin ya sa shi cikin gwanjon zanen zamani, inda manyan masu kuɗi suke taruwa. Kafin ranar, an zaga da shi Hong Kong da Landan da San Francisco da Niyok, dubban mutane suka yi layi a titi domin su gan shi a cikin ɗaki mai duhu, haske na sauka a kansa shi kaɗai. Aka raɗa masa suna "da Vinci na ƙarshe", domin zanen Leonardo da aka sani ba su kai 20 ba, sauran kuwa suna gidajen adana kaya inda ba za su fito kasuwa ba. Aka kuma yi wani ɗan gajeren fim na talla wanda ya fi kome wayo. An ɓoye kyamara kusa da zanen, ta juya masa baya, ta ɗauki fuskokin masu kallo: wannan ya buɗe baki, waccan tana share hawaye, ga kuma shahararren ɗan wasan fim Leonardo DiCaprio a tsaye shiru. Mai kallon fim ɗin yana ganin yadda ya kamata ya ji tun bai ga abin da zai sa shi ji ba.

Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin waɗannan igiyoyi. Wani malamin jami'a a jihar Arizona ta Amurka, Robert Cialdini, ya yi kamar shekara uku yana shiga cikin masu koyon sayar da kaya da masu neman gudummawa ba tare da sun san ko shi wane ne ba, sa'an nan a 1984 ya rubuta littafi a kan hanyoyi shida da ake bi a shawo kan mutum. Mukan ji nauyin wanda ya yi mana kyauta, mukan so mu tsaya a kan abin da muka riga muka furta, mukan yarda da wanda ya kwanta mana a rai. Sauran ukun su ne suka yi aiki sosai a cinikin Salvator Mundi: mukan bi maganar mai iko ko gwani, mukan bi abin da muka ga jama'a na yi, mukan kuma ƙwallafa rai ga abin da aka ce ya kusa ƙarewa. Zane kuwa ya fi kowane irin kaya sauƙin kamuwa da waɗannan, gama ba shi da mudu. Buhun masara kana iya aunawa, takalmi kana iya gwadawa, amma da me za ka auna kyaun zane? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon yakan saurari kunne kafin ya faɗi kimar.

Akwai kuma wani gwaji da Amos Tversky da Daniel Kahneman suka buga a 1974, wanda ya kamata kowane mai zuwa kasuwa ya sani. Suka sa aka juya wani faifai mai lambobi a gaban mutane, alhali an shirya shi ya tsaya ko a kan 10 ko a kan 65. Sa'an nan suka tambaye su, kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne suke Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuwa tasu ta kai wajen 45. Kowa ya san faifan ba shi da wata dangantaka da tambayar, duk da haka lambar farko da ta shiga ido ta zama turken da tunani ke zagayawa. Christie's sun kafa nasu turken tun da wuri, da suka sanar cewa ana sa ran zanen zai kai wajen dala miliyan 100, akwai ma wanda ya riga ya ɗauki alkawarin saye in ba a sami mai tayi ba. Tsohuwar da ke sayar da atamfa a kasuwa ba ta taɓa jin sunan Kahneman ba, amma ta san dalilin da ya sa take fara faɗin kuɗi mai tsada, ta kuma san amfanin cewa "albarka" da fuska a ɗaure. Mai saye ma yana da tasa dabarar. Karin Magana 20:14 ta zana mana shi, yana kushe kaya a gaban mai shi, da ya juya baya sai ya shiga fahariya da arahar da ya samu.

Gwanjo ya ƙara abu biyu a kan wannan: gaggawa da abokin takara. Ba a ba ka dare ɗaya ka kwana da maganar. Ga guduma a sama, ga wani can yana ƙoƙarin ƙwace abin da zuciyarka ta riga ta ɗauka nata ne. A Niyok doka ta yarda mai gwanjo ya yi ta kiran tayin da babu mai shi har a kai ƙaramin kuɗin da mai kaya ya amince da shi, domin zauren ya ɗauki zafi. A daren Salvator Mundi, tayin ƙarshe tsalle ne daga miliyan 370 zuwa 400. Wanda ya ƙara miliyan 30 a numfashi ɗaya ba kyaun zane yake aunawa ba a wannan lokaci, so yake ya karya zuciyar abokin takararsa. A lura kuma da wani abu: wanda ya ci gwanjo shi ne mutumin da ya yarda ya biya abin da duk sauran masu kuɗin da ke wurin suka ga ya yi yawa.

To, me mai bi zai ce a kan wannan duka? Akwai amsa mai sauƙi wadda takan fara zuwa bakinmu, cewa sayen zane almubazzaranci ne, da an ba matalauta kuɗin. Kafin mu furta ta, mu tuna wanda ya fara furta irinta. A Betanya, sa'ad da Maryamu ta zuba man nardi mai tsada a ƙafafun Yesu, Yahuza ne ya yi lissafin dinari 300, Ubangiji kuwa ya kāre Maryamu (Yahaya 12). Mutum na farko da Littafi Mai Tsarki ya ce an cika shi da Ruhun Allah domin wani aiki na hannu shi ne Bezalel, aikin kuwa na ƙira da sassaƙa da ado ne (Fitowa 31). Allah wanda ya yi wa furannin jeji ado bai hana 'ya'yansa son abu mai kyau ba. Iyalin da suka tara kuɗi suka sayi zane ko sassaƙa daga hannun mai sana'a, suka biya shi hakkinsa, suka rataye a ɗaki domin yana faranta musu rai, ba su yi zunubi ba. Ina ma a ce mun fi haka daraja masu zanenmu.

Amsa ta biyu ita ce ta 'yan kasuwa: ba wanda aka ɗaure, mai saye baligi ne, ya ga kaya ya biya. Wannan ma ba ta isa ba. Shari'ar Musa ta hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka, babba da ƙarami (Maimaitawar Shari'a 25), ta kuma hana sa abin tuntuɓe a gaban makaho (Littafin Firistoci 19:14). Makahon da ƙafarsa ya taka, ba wanda ya tura shi, amma laifin yana kan wanda ya ajiye dutsen. In har an tabbatar cewa tunanin mutum yana da wuraren da ba ya gani, kamar yadda gwajin faifan nan ya nuna, to wanda ya san wuraren ya kuma ajiye dutse a can da gangan ba zai wanke hannu ya ce ciniki ne kawai ba. Ana iya lotsa mudu a kasuwa, ana kuma iya lotsa shi a cikin kan mai saye.

Amma kada mu yi saurin ɗora wa mai sayarwa kaya duka. Akwai wani labari daga ƙasar Holan da ya kamata mu ji, shi ma a kan hoton Yesu ne. A 1937 aka kawo wa Abraham Bredius wani zane. Bredius tsoho ne mai shekara fiye da 80, ana kuwa ganinsa babban gwani a kan zanen mutanen Holan na dā. Zanen yana nuna Ubangiji a teburi tare da almajiran nan biyu na Imuwasu, yana gutsuttsura gurasa. Bredius ya daɗe yana da ra'ayin cewa Johannes Vermeer, wanda ya rasu a 1675 ya bar zane kamar 35 kawai, lalle ya yi waɗansu zane na addini da ba a gano ba tukuna. Da ya ga wannan, sai ya rubuta a wata mujalla ta Ingila cewa ga aikin Vermeer mafi girma. Aka tara fiye da gilda 500,000 aka saya wa gidan adana zane na Boijmans a birnin Rotterdam, jama'a suka yi ta zuwa kallo.

Ashe wani mai zane ne na zamanin, Han van Meegeren, wanda masu sharhi suka raina aikinsa, ya yi shi a kudancin Faransa. Ya sami tsohon ƙyallen zane na ƙarni na 17, ya kankare, ya haɗa fentinsa da wani sinadarin roba, ya gasa a tanda har ya taurare kamar ya shekara ɗari uku. Asirinsa bai tonu ta wurin idon gwanaye ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, aka kama shi da laifin sayar wa Hermann Göring, na hannun daman Hitler, wani "Vermeer", watau ya miƙa wa abokan gaba dukiyar ƙasa. Domin ya kuɓuta daga wannan babban laifi ya ce shi ya zana. Ba a gaskata shi ba sai da ya zana wani sabo a gaban shaidu. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ya rasu a watan Disamba na shekarar kafin ya fara. Wanda ya dubi hoton zanen Imuwasu a yau zai yi mamakin yadda aka ruɗu, gama fuskokin ba su yi kama da na Vermeer ba. Van Meegeren bai kwaikwayi Vermeer sosai ba. Abin da ya kwaikwaya shi ne begen da ke cikin zuciyar Bredius.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai rinjaye ba ya dasa sha'awa a cikinmu, samunta yake yi ta riga ta tsiro, ya ba ta ruwa. Haka aka yi tun a gonar Aidan. Maciji ya yi magana, amma Farawa 3:6 ta nuna cewa matar da kanta ta duba itacen, ta ga ya yi kyau domin ci, ya gamshi ido, abin marmari ne kuma domin samun hikima. Yakubu ma ya koyar cewa sha'awar mutum ce ke janye shi ta yaudare shi (Yakubu 1:14). A gonar kuwa Allah bai karɓi uzurin kowa ba: ya hukunta macijin, ya kuma tambayi Adamu da Hauwa'u. Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan, ko da ba ta da daɗi. Shawarar tawa ce ko da an rinjaye ni, laifin mai ruɗi kuma bai ragu ba domin na ba shi ƙofa. Kuma sau da yawa abin da ke bayan ƙofar ba son zanen ba ne. Bredius yana so ya tabbata mai gaskiya kafin ya mutu. Wani yana so a san shi mai kuɗi ne, wani yana so a ce yana da ido, wani tsoro yake ji kada maƙwabci ya riga shi.

Shin rinjaye kansa mugun abu ne? In haka ne, wa'azi ma ya zama laifi. Manzo Bulus ya faɗa a fili cewa aikinsa ya rinjayi mutane ne (2 Korantiyawa 5:11), har sarki Agaribas ya ji zafin hakan a gaban shari'a. Amma a wannan wasiƙa, sura 4, Bulus ya nuna irin rinjayen da ya ƙi: na ɓoye, na makirci, na gurɓata magana. Nasa shi ne ya shimfiɗa gaskiya a sarari ya bar lamirin kowa ya auna. Daga nan, a ganina, za mu iya samun ma'aunin da zai yi mana aiki a kasuwa. Rinjaye na gaskiya ba ya lalacewa in an faɗi yadda yake aiki. Mai zane yana iya cewa, "Ina nuna maka yadda hasken ya sauka a wannan fuska domin ka so ta," kai kuwa ka ƙara so. Amma mai gwanjo ba zai iya cewa, "Tayin da na kira yanzu babu mai shi, na yi ne domin ka tsorata," sa'an nan dabarar ta ci gaba da aiki ba. Dabarar da ba ta rayuwa sai a duhu, ita ce Bulus ya rabu da ita.

Saboda haka labari ba abin ƙi ba ne in na gaskiya ne. A nan gida muna da misali. Ben Enwonwu, ɗan Onitsha, ya zana wata gimbiyar Ife mai suna Adetutu Ademiluyi 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, aka san zanen da suna Tutu. Ɗaya daga cikin ukun da ya yi, na 1974, ya ɓace shekaru masu yawa, sai aka same shi a wani gida a arewacin Landan a 2017. A watan Fabrairu 2018 kamfanin Bonhams ya sayar da shi fam miliyan 1.2, alhali an yi tsammanin ba zai wuce fam 300,000 ba. Lalle labarin ya ɗaga kuɗin. Amma cewa ɗan Ibo ya zana 'yar sarautar Yarabawa da irin wannan girmamawa a lokacin da raunin yaƙi bai warke ba, gaskiya ce wadda in ka sani za ka ƙara ganin abin da ke cikin zanen. Ta buɗe ido, ba ta rufe shi ba. A cinikin Salvator Mundi kuwa an gauraya iri biyun. Gaskiya ne zanen Leonardo ba su da yawa. Amma tallar ba ta ɗaga murya a kan yawan gyaran da aka yi wa allon ba, ko a kan gwanayen da ba su yarda ba. Shi kuma Rybolovlev, da ya gane ribar da aka ci a kansa a 2013, ya yi shekaru yana shari'a. Bouvier ya ce shi ɗan kasuwa ne mai 'yancin sa kuɗin da ya ga dama. Kotuna suna da nasu ma'auni, mu dai abin tambayarmu shi ne ko cinikin zai yiwu da mai saye ya san abin da mai sayarwa ya sani.

Yanzu mu komo gida. Da wuya a shiga ɗakin baƙi na iyalin Kirista ba a ga hoto a bango ba: Jibin Ubangiji, ko Makiyayi Mai Kyau, ko fuskar nan da Warner Sallman ya zana a Chicago a 1940 wadda aka buga ta miliyoyi. Ban ga aibu a ciki ba muddin mun san hoto ne, mun kuma koya wa yaranmu cewa ba wanda ya san kamannin fuskar Yesu. Aibun yakan shigo ta bakin mai talla. "Mama, wannan in yana ɗaki, mugun abu ba ya shiga." "Saura guda ɗaya, matar fasto ma ta ɗauki biyu." A cikin numfashi ɗaya ya ja igiyar tsoro, da ta ƙarancin kaya, da ta bin manya. Ta farkon ce mafi haɗari, gama ta mai da takarda da gilashi laya. Macijin tagulla Allah ne ya umarci Musa ya ƙera, amma ranar da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Mu kuma tuna Dimitiriyas maƙerin azurfa na Afisa, wanda ya ga cinikinsa zai faɗi sai ya lulluɓe zancen riba da zancen addini. Aka yi wajen sa'a biyu ana ihu, Luka kuwa ya lura cewa yawancin taron ba su ma san abin da ya tara su ba (Ayyukan Manzanni 19).

Abin da ya fi damuna shi ne wanda muke yi da kanmu. Ranar godiyar kaka, ko ranar ƙaddamar da kalanda ko hoton sabon ginin majami'a, akan ɗaga hoto a firam a ce za a yi gwanjonsa. Mai gabatarwa ya fara da kiran babban baƙo ya faɗi kuɗi mai nauyi: ga turke an kafa. Sa'an nan a kira sunan wani dattijo a lasifika, a haɗa shi takara da wani, mata su yi guɗa, mawaƙa su buga ganga. Mutum ya miƙe ya faɗi kuɗin da bai da shi, domin matarsa da surukansa suna kallo. Ranar Litinin ga kuɗin makarantar yara, ga alkawarin da aka rubuta a littafin ma'aji. Za a ce ai aikin Allah ne, kowa ma ya san ba hoton ake saye ba, baiko ne. Na yarda, akwai gwanjon da wasa ne na zumunci, kowa na dariya, ba wanda ya cutu. Amma mu gwada shi da ma'aunin Bulus. Mai gabatarwa zai iya cewa a lasifika, "Na kira sunanka ne domin kunya ta hana ka ƙi"? In ba zai iya ba, kuɗin da aka samu ta haka ba bayarwar da Allah yake ƙauna ba ce, wadda aka ce kada ta zama ta tilas ko ta ɓacin rai (2 Korantiyawa 9:7). Hananiya da Safiratu ma a cikin yanayin bayarwa a gaban idon jama'a suka fāɗi. Kwamitin da ke shirya irin wannan taro ya kamata ya zauna ya tambayi kansa alkawari nawa na bara ne ba a cika ba har yanzu, da kuma mutum nawa ne suka rage zuwa sujada domin suna jin kunyar haɗuwa da ma'aji.

Ga iyali kuwa, ba sai an karanta littattafan masana ba. Yawancin waɗannan dabaru ba sa jure kwana ɗaya. Wanda ya ce sai yanzu-yanzu, a ce masa sai gobe, in kayan kirki ne goben ma na kirki ne. Miji da mata su yi shawara kafin a kai wurin, su yanka abin da za su iya, domin turken ya zama nasu ne ba na mai gabatarwa ba. Mutum kuma ya tambayi zuciyarsa a gaban Allah: da a ce ba wanda zai taɓa sanin na sayi wannan, ko nawa na biya, ko sunan wanda ya zana, zan so in riƙa ganinsa kowace safiya? Ban ce tambayar za ta ba mu ido marar gauraye ba. Ba mai irin wannan ido. Dukanmu ta wurin wani muka koyi ganin kyau, kamar yadda muka koyi harshe, kuma dole mu dogara ga waɗanda suka fi mu sani. Abin da tambayar za ta yi shi ne ta rarrabe mana tsakanin son zanen da son a gan mu da shi.

Jaridun Amurka sun ruwaito cewa wani yarima na ƙasar Saudiyya ne ya yi tayin ƙarshe a daren Niyok. An sanar za a nuna zanen a sabon gidan adana kaya na Louvre da ke Abu Dhabi a watan Satumba 2018, sai aka ɗaga ranar ba tare da bayani ba. A 2019 gidan Louvre na Paris ya yi babban nuni domin cikar shekara 500 da rasuwar Leonardo, allon bai bayyana a can ba. A 2021 gidan Prado na Madrid ya lissafta shi cikin ayyukan da ake dangantawa da Leonardo ko aka yi a ƙarƙashin kulawarsa, ba cikin waɗanda aka tabbatar hannunsa ne ba. Tun daga daren da aka buga gudumar, ba a sake rataye shi a gaban jama'a ba.